Waƙa da rawa don ceton tsibirai

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. A cikin babbar teku ta Fasifik akwai ƙananan ƙasashe da suke tsibirai ne zalla. Daga cikinsu akwai Marshal, da Kiribati, da Tubalu. Mutanensu masunta ne, suna kuma noman kwakwar attagara da wani irin mankani.

Ƙasashen nan ba su da duwatsu. A Tubalu, wurin da ya fi tsawo bai kai metir 5 bisa ruwan teku ba.

Mine ne ke damunsu?

Ruwan teku yana hawa. Ga dalili. Motoci da jirage da masana'antu suna ƙona esansi da gawayin ƙasa. Hayaƙin yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar bargo. Duniya tana ƙara zafi. Ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsu da ƙarshen duniya tana narkewa, tana zuba cikin teku. Ruwa kuma in ya yi zafi, kumbura yake yi. Masana sun auna: daga 1901 zuwa 2018 teku ta hau kimanin santimetir 20.

Wani zai ce taƙi guda ne kawai. Amma ga mai gida a bakin ruwa, taƙi guda ba wasa ba ne. In iska ta taso, ruwan gishiri yana shiga rijiyoyi, yana kashe mankani, yana rushe gidaje da kaburbura. Alhali hayaƙin da mutanen nan ke fitarwa kaɗan ne ƙwarai.

Mi suka yi?

Ba su da sojoji da yawa, ba su da dukiya. Amma suna da mawaƙa da masu rawa.

A watan Satumba na 2014, wata mawaƙiya daga Marshal, mai suna Kathy Jetnil-Kijiner, ta tsaya gaban shugabannin duniya a Majalisar Ɗinkin Duniya, a birnin Niyok na Amurka. Ta karanta waƙar da ta yi wa ɗiyarta jaririya. A ciki ta yi wa yarinyar alkawari cewa za a yi gwagwarmaya don kada teku ta ci garinsu. Da ta gama, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi.

A 2016, David Katoatau na Kiribati ya je wasannin Olamfik a birnin Riyo na Barazil. Shi mai ɗaga ƙarfe ne. In ya gama ɗagawa, sai ya taka rawa gaban ƴan kallo. Da aka tambaye shi dalili, sai ya yi bayanin halin da ƙasarsa take ciki.

A 2015, a babban baje kolin zane-zane na birnin Banis na Italiya, an cika ɗakin Tubalu da ruwa. Baƙi suna bi ta kan ƴan siraran gadoji, ruwa yana taɓa takalmansu.

Mi ya sa wannan dabara take aiki?

Lissafin masana yana da wuyar riƙewa. Waƙa kuwa, ko wanda bai yi karatu ba yana jin ta, ya hardace, ya kai ta gida. Yara su koya, su rera wa iyayensu. Mai kallon rawa ya yi dariya, sa'annan ya yi tambaya.

Waƙa kaɗai ba ta tsayar da teku. Amma ta taimaka aka saurari tsibiran. A taron Pari na 2015, ƙasashen duniya sun yarda su yi ƙoƙari kada ƙarin zafin ya wuce digiri ɗaya da rabi, abin da ƙananan tsibirai suka daɗe suna nema.

Zafin da ke ɗaga teku a can, shi ne ke rikita damina a nan. Ku tattauna a ajinku: wace waƙa ko wasan kwaikwayo za ku shirya don faɗakar da mutanen garinku?