Gurbin Karatun Likitan Haƙori: Yadda Ake Auna Makin Ɗalibi

Shirinmu na musamman a yau zai dubi wata mas'ala da ke hana iyaye da yawa barci a ƙarshen kowace damina, lokacin da jami'o'in Najeriya ke fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, wato yadda ɗalibi ke samun gurbin karatun likitan haƙori, da kuma irin nauyin da sakamakon makaranta ke da shi a wannan ma'auni.

Malamai magabata sun sanya ilimin magani cikin farillan kifaya, waɗanda idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, idan kuwa kowa ya bari laifi ya hau kan al'umma baki ɗaya. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, bai ga ƙasƙanci ba wajen zana kayan kankare haƙori da na cire shi a cikin littafinsa Attasrif. A ƙasarmu kuwa, Jami'ar Legas ce ta fara buɗe makarantar wannan fanni a 1966, Ibadan da Benin da Ife suka biyo baya a shekarun 1970, Arewa kuma ba ta samu nata ba sai bayan shekarar 2000, lokacin da Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano suka shiga sahu. Wanda ya taɓa leƙa Asibitin Noma na Sakkwato, inda tun 1999 ake ɗinke fuskokin yaran da cutar noma, mai zaizaye baki da kumatu, ta ɓata, ba sai an kawo masa wata hujja ba a kan buƙatar da muke da ita ta likitocin haƙori.

To, mene ne sharaɗin shiga? A takarda abin ba shi da yawa. Ana neman kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ta WAEC ko ta NECO, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, kuma jami'o'i da dama suna shar'anta cewa a zama guda aka samo su, ba a haɗo sakamakon bara da na bana ba. Sannan ɗalibi ya zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ya amsa Turanci da darussan kimiyya uku, jimillar maki 400. Bayan nan jami'ar da ya zaɓa ta yi masa nata tantancewar.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, domin sun ɗauka cika sharaɗi shi ne samun gurbi, alhali kuwa cika sharaɗi bai ba ɗalibi komai ba face izinin shiga layi. Hukumar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ita ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, bisa la'akari da yawan malamanta da kujerun aikin da ke asibitinta, saboda ba a koyon cike kogon haƙori daga bayan aji, dole kowane ɗalibi ya samu kujera da majinyaci da malamin da zai tsaya a kansa. Kuma da yake kujerar nan da injinanta tsada gare su, adadin da ake bai wa sashen haƙori yakan gaza na sashen likitanci nesa ba kusa ba. Idan masu nema sun ninka gurabe sau da yawa, jami'a ba ta tambayar wa ya ci, sai dai ta jera su daga sama zuwa ƙasa, ta ƙirga iya adadinta, ta ja layi. Saboda haka makin da ya shigar da wani bara yana iya barin ƙanensa a waje bana, ba don an yi zalunci ba, sai don waɗanda ya tarar a layin sun fi na bara ƙarfi.

Ku dubi alƙaluman 2024. Cikin sakamako fiye da miliyan 1.8 da JAMB ta saki, kusan kashi uku cikin huɗu ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka samu 300 ko fiye kuwa 8,401 ne kacal a faɗin ƙasa. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi a shekarar shi ne 140, amma uban da ya ji wannan adadi a rediyo ya ce ai ɗansa ya haye da 190, bai san cewa wannan ƙofar gari ce kawai ba, sashen haƙori kuma yana can ƙurya, inda ake gogayya tsakanin 'yan tsirarun da ke sama.

Yanzu bari mu zauna mu yi lissafin dalla-dalla, domin a nan ne darajar sakamakon sakandare take bayyana. Jami'ar Legas ta saba raba ma'auninta gida uku: kashi 50 na JAMB, wanda ake samu ta raba makin ɗalibi da takwas, kashi 30 na jarrabawarta, kashi 20 na darussan nan biyar, inda A1 ke da maki 4, C6 kuma maki 2. Ku ɗauki ɗalibai biyu, dukansu masu kiredit biyar. Ta farko A1 ta jera, ta tashi da 20. Na biyu C6 ya jera, ya tashi da 10. Tazarar goma ce, ga ta kamar ba yawa, amma tun da kowane maki ɗaya a nan daidai yake da takwas a JAMB, sai na biyun ya fi ta farko da maki 80 cur kafin su yi kunnen doki: idan ta samu 260, shi sai ya kawo 340. Wannan bashi ne da ya ciyo tun yana aji huɗu na sakandare, ranar da ya ce Kemistiri ai a samu kiredit kawai a wuce. Jami'ar Ibadan kuwa ta saba raba nata biyu, rabi JAMB rabi jarrabawarta, don haka wajibi ne ɗalibi ya binciki ƙa'idar jami'ar da yake so kafin ya cike takarda, ya zaɓi wadda ma'auninta ya dace da inda ƙarfinsa yake.

Akwai kuma rukuni na biyu da ba na maki ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta sun yi baya a ilimin zamani, kuma yawancin jihohin Arewa suna cikin wannan lissafi. Rangwame ne na gaske, amma kada a yi masa mummunar fahimta, domin a cikin kowane kaso ma da maki ake jera mutane.

Wanda bai samu ba fa? Hanya ba ta toshe ba. Wasu sukan sake zama jarrabawa, wasu su bi ta shirin share fage na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko su kammala digiri a wani fannin kimiyya da sakamako mai kyau, su nemi shiga kai tsaye aji biyu, ko da yake gurabe ta wannan ƙofa sun fi ƙaranci. Abin da ba na so, a nawa ra'ayin, shi ne al'adar nan ta mai da haƙori mafakar wanda likitanci ya kuɓuce masa, ya shiga da niyyar sauya sheƙa, ya tare gurbin mai so da gaske, alhali sauyin nan ba kasafai ake yarda da shi ba.

Kuma hisabin maki ba ya ƙarewa a bakin ƙofa. Karatun shekara shida ne. A shekarar farko ana sake tace ɗalibai da darussan kimiyya, bayan nan su zauna aji ɗaya da ɗaliban likitanci suna karatun sassan jiki da aikin gaɓoɓi, inda makin ci 50 ne, wanda kuma ya yi ta faɗuwa a kan sallame shi zuwa wani sashe.

Sai dai akwai abin da duk wannan lissafi ba ya iya aunawa, kuma adalci ne a faɗe shi. Ku shiga ɗakin gwaji ku ga ɗalibai a sunkuye, kowa da ɗan guntun kaki da 'yar wuƙa, yana sassaƙa turmin haƙori da tuddansa da kwarinsa har ya yi daidai da na mutum, malami ya zo ya juya shi a tafin hannu, ya ce a sake. Gaba kaɗan ga kawunan roba a jere, baki buɗe, ɗalibi riƙe da injin huda a dama, ɗan madubi a hagu, yana aiki a haƙorin sama wanda ba ya ganinsa sai ta madubin, inda komai ya juye masa, kuma kuskuren milimita ɗaya ya isa ya kai shi ga jijiya. A wannan ɗaki akan ga mai maki 320 a JAMB yana zufa, wanda ya shigo da ƙyar kuma hannunsa ya faɗa tun makon farko. Amurka da Kanada sun sanya gwajin fahimtar siffofi da ido cikin jarrabawarsu ta shiga wannan fanni; namu tsarin bai tanadi irinsa ba, ya dogara ga takarda kaɗai, don haka yaron da Allah Ya hore wa natsuwar hannu ba shi da wata hanyar nuna baiwarsa sai ya fara tsallake Fiziks da Kemistiri.

Wanda ya kammala zai yi rantsuwa a gaban hukuma, a ba shi lasisin wucin gadi, ya yi shekara guda yana aiki ƙarƙashin manya a asibitin da aka amince da shi, sannan a yi masa cikakkiyar rajista ya tafi hidimar ƙasa.