Taimakon Lauya Ga Mara Hali: Sharuɗɗansa Da Yadda Ake Hana Ha'inci A Cikinsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ƴan uwa, mutum kan yi gaskiya a rikicin gado, ko na haya, ko na albashin da aka danne masa, amma ya haƙura saboda ba shi da abin biyan lauya. Don haka ƙasashe da dama suka tanadi taimakon shari'a daga baitulmali. A Nijar hukumar ANAJJ ce ke da wannan aiki, bisa dokar 2011. Yau za mu duba tsarin Faransa, inda ɗalibanmu da ƴan ci-ranimmu suke da yawa, wanda dokar 10 ga Yuli 1991 ta shimfiɗa.

Ana miƙa buƙata ga ofishin taimakon shari'a da ke cikin kotu, shi kuma ya duba abu uku.

Na farko, halin aljihu. Ana duba kuɗin shigar da takardar haraji ta nuna, da yawan iyalin da ke wuyan mutum, da ajiyarsa ta banki, da kadarorinsa, ban da gidan da yake zaune a ciki. Wanda samunsa bai kai wani mizani ba, gwamnati na ɗauke masa nauyin duka. Wanda ya ɗara kaɗan, a biya masa kashi 55 ko 25 cikin ɗari, ya cika sauran. Ana sabunta mizanin kowace shekara.

Na biyu, kada ya zama inshora ta riga ta ɗauki nauyin shari'ar, don ba a biyan abu ɗaya sau biyu.

Na uku, ƙarar kanta. Idan a fili take ba ta da tushe, ko kotu ba za ta saurare ta ba, ko an shigar da ita don cutarwa, sai a hana. Wannan sharaɗi ba ya hawa kan wanda aka kai ƙara, domin shi jawo shi aka yi. Wanda aka hana yana da kwana 15 na ɗaukaka ƙorafi.

Game da baƙi, a da sai mai takardar zama, in ban da wasu lamurra. A watan Mayu 2024 majalisar kare tsarin mulkin Faransa ta soke wannan sharaɗi.

To, me zai hana mai hali ya saka rigar talaka? Doka ta ba da ikon janye taimakon ko da an gama shari'a. Ana janyewa idan an gano ƙarya a bayani ko takardu, ko mutum ya samu wadata ana cikin shari'a, ko hukuncin ya kawo masa dukiyar da da yana da ita tun farko ba za a ba shi ba, ko alƙali ya tabbatar ƙarar jan ƙafa ce ko zalunci. In an janye, sai ya mayar da abin da aka kashe, mai ƙarya kuma ana iya gurfanar da shi. Sannan a sani, taimakon ba ya biyan diyyar da kotu ta ɗora wa wanda ya sha kaye.

Waɗannan matakai ba baƙi ba ne gare mu. Dukiyar baitulmali amana ce, kuma duk wanda ya ɓoye ajiyarsa ya karɓa, ya ci rabon wata bazawara ce ko wani maraya. Hadisin Ummu Salama ya koyar da mu cewa hukuncin alƙali ba ya halatta wa mutum haƙƙin ɗan uwansa, ko da ya fi shi iya baki. Haka sa hannun jami'i ba ya halatta taimakon da aka samu da ƙarya.

Shawarata: mai haƙƙi kada kunya ta hana shi nema, wannan ba bara ba ce. Ya faɗi gaskiyar abin da ya mallaka, ya sanar in halinsa ya canza, kuma ya fara gwada sulhu kafin kotu. Allah Ya tsare mu daga cin haram, amin.