Katy: Yadda Ake Tada Tsohuwar Motar Ɗaukar Masu Rauni

Yau Ingila muka nufa, kuma gareji za mu shiga, wurin wasu mutane da ke zuba kuɗinsu da ƙarfinsu wajen tada tsofaffin motocin ɗaukar masu rauni na Yaƙin Duniya na Biyu, su gyara su tsaf, su fita da su bainar jama'a. Motar da za mu tsaya a kanta sunanta Austin K2/Y. Sojojin Birtaniya kuwa Katy suke ce mata, mu ma da wannan sunan za mu kira ta har ƙarshen shiri.

Bari mu yi sauri da tarihinta. Kamfanin Austin ne ya ƙera ta a masana'antarsa ta Longbridge da ke Birmingham, daga 1939 zuwa 1945, guda 13,102. Ƙarfen ƙasa da inji na Austin ne, ɗakin baya kuma kamfanin Mann Egerton na garin Norwich ya gina. Inji mai silinda shida, mai shan fetur, ƙarfin doki 60. Nauyinta kamar tan uku, gudunta in ta ƙure kilomita 80 a awa. Tana ɗaukar mutum huɗu a kwance ko goma a zaune. Cikin dubu goma sha ukun nan, waɗanda aka ƙiyasta sun rage a duniya yau hamsin ne ko fiye.

Huɗu a kwance, goma a zaune. Ku riƙe wannan lissafin, domin ga labarin da ya ja hankalina zuwa ga motar nan. Wani tsohon soja da ya yi yaƙi a hamadar Arewacin Afirka ya ba da labarin ranar da ya kwashi masu rauni 27 a cikin Katy guda ɗaya. Ashirin da bakwai, jama'a. Wasu a kan bonet, wasu a kan ƙarfen da ke rufe tayoyin gaba, wasu a matakalar baya. Da gadaje suka ƙare, sai aka gitta bindigogi a tsakiyar ɗakin, daga wannan gefe zuwa wancan, aka ɗora ƙarin gadaje a kansu. Bindigar da aka ba mutum don ya yi harbi, ita ce ta koma abin tallafar ɗan'uwansa. An ambaci sunan sojan a rahoton yabo na runduna saboda wannan aiki.

To ku tambayi kanku, me ke cikin motar da zai taimaki waɗannan mutane? Kusan babu. Barguna, bandeji, ruwa, da ma'aikacin jinya guda a kan 'yar kujera kusa da ƙofar da ke tsakanin ɗakin da mazaunin direba. Babu iskar numfashi irin ta motocin asibiti na yanzu, babu na'urar duba bugun zuciya. Aikin Katy ɗaya ne, ta ɗauke ka daga inda aka ji maka ciwo ta kai ka inda likita yake. Saboda haka rabin jinyar a ƙafar direba take da hannunsa. In ya faɗa rami da gudu, mai karaya ya ji a ƙashinsa. In ya yi sanyin jiki, mai zubar jini ya ƙare a hanya.

Kuma tuƙa ta ba wasa ba ne. Giya huɗu gare ta, masu nisa da juna, kuma ba ta yarda a tura mata giya kai tsaye. Sai ka taka kuloci, ka fitar da giya, ka saki, ka ɗan ba ta wuta har ƙarar inji ta yi daidai a kunnenka, ka sake taka kuloci, sannan ta shiga. Tsofaffin direbobin manyan motoci da ke saurarenmu, na san kun gyaɗa kai, kun san wannan taku biyun. Wanda bai iya ba, akwatin giya zai yi ta kururuwa, motar ta yi tsalle, na baya su sha azaba. Mazaunin direba kuma ba ƙofar ƙarfe, labulen tamfol ne kawai, ko ana ruwa ko ana sanyi.

Mata da yawa sun tuƙa ta a cikin Birtaniya, kuma ɗaya daga cikinsu kun san ta. A watan Fabrairun 1945, Gimbiya Elizabeth, tana da shekara 18, ta shiga rundunar mata ta ATS, aka ba ta lamba 230873. Ta koyi tuƙi da makanikanci a yankin Aldershot: canza taya, kwance inji, karanta taswira. Akwai hotunanta sanye da kayan aiki kusa da irin wannan mota, har mahaifinta Sarki George na Shida ya je ya ga abin da take koyo. Ita ce dai Sarauniyar da aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956. Shekara goma sha ɗaya kafin ta zauna kallon dawakin sarakunanmu, hannunta na cikin baƙin mai.





Da yaƙi ya ƙare, sojojin wasu ƙasashen Turai sun ci gaba da aiki da ita, wasu ma sun kai yaƙin Koriya. Sauran aka yi gwanjonsu. Wannan ya mai da tasa kantin tafi-da-gidanka, wancan ya mai da ita ɗakin kwana na yawon hutu, wata ta ƙare a bayan gona kaji na kwana a ciki. A irin wannan hali mai gyara ke tsintar ta.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, inji ba shi ne babbar matsala ba. Injin Austin na wancan zamani ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta, ba wayoyi barkatai. In ya daskare, a jiƙa shi da mai, a yi haƙuri, a kwance, a wanke, sau da yawa ya tashi. Ciwon kan yana baya. Ɗakin Katy ƙashinsa na katako ne, kamar tsofaffin motocinmu masu bodin katako da ke dakon gyaɗa a da, sai dai ita an lulluɓe nata da yadi mai kauri aka shafe da fenti. An yi haka don a rage nauyi, a kuma tanadi ƙarfe saboda yaƙi. Ba wanda ya gina ta don ta kai shekara tamanin. Da zarar yadin ya tsage, ruwa ya samu hanya, katako ya fara ruɓewa daga ciki, ta waje kuwa ba ka gani. Mutum ya sayi mota yana murna, ya yaye yadi, ya taɓa ginshiƙi, ya ga yana marmashewa a hannunsa.

Daga nan aiki ya bar hannun makaniki ya koma na kafinta. Kowane guntun katako sai an cire shi a hankali, an sa masa lamba, an ɗauki hotonsa, domin ruɓaɓɓen nan shi ne ma'aunin da za a yanka sabo da shi. In ka jefar da shi, ka jefar da zanen. Sai a je a roƙi mai wata Katy ko gidan tarihi izinin shiga da tef a auna abin da ya ɓata. Bayan kafinta, mai ɗinkin tamfol. Bayan shi, mai walda, saboda tsatsa ta ci gindin mazaunin direba. Hatta sifana sai an nemo ta musamman, domin kusoshin motar na tsohon ma'aunin Ingila ne da ake kira Whitworth, sifanar milimita ba ta kama su. Ga fetur ma ya canza. Birtaniya ta daina sayar da mai darma a 2000, a 2021 kuma ta koma fetur ɗin da aka gauraya da sinadarin etanol har kashi goma cikin ɗari, wanda ke cinye tsofaffin robobin bututun mai. Dole a sake su. Tsohon birki kuwa akwai asbestos a jikinsa, ƙurarsa na lalata huhu, sai da takunkumi ake taɓa shi. Aikin shekaru ne, yawanci a ƙarshen mako, bayan mutum ya tashi daga aikin da yake ci da shi.

Sai maganar fenti, inda gardama take. Launin motocin sojan Birtaniya ya yi ta canzawa: kore mai ɗan ƙasa-ƙasa a farkon yaƙi, ruwan ƙasa a tsakiya, koren zaitun daga 1944, na hamada kuma ruwan yashi. Mai gyara na ƙwarai ba ya kankare tsohon fenti gaba ɗaya. Yana goge shi da takarda mai laushi, shafi bayan shafi, ko Allah zai sa lambar soja ta bayyana a ƙarƙashi. Lambar motocin ɗaukar masu rauni da harafin A take farawa. In ta fito, ko alamar runduna ta fito, to motar ta faɗi inda ta je da bakinta.

Amma da yawa ruwan yashi suke so, kuma fim ne ya jawo. A 1958 aka fitar da Ice Cold in Alex, wanda J. Lee Thompson ya ba da umarni, John Mills da Sylvia Syms suka fito, aka ɗauki sassansa a Libiya. Labarin wasu mutane ne da suka tsere daga Tobruk a 1942 cikin Katy, suka ratsa hamada zuwa Iskandariyya. Akwai wurin da duk wanda ya kalla ba ya mantawa. Motar ta kasa hawa wani tudun yashi. Sai suka cire filogi don inji ya yi sauƙin juyawa, suka sa giyar baya, suka kama ƙarfen nan da ake murɗawa a gaba don tada mota, suna murɗawa da hannu, motar na hawa da baya kaɗan-kaɗan, cikin rana. Sun kusa kaiwa, ƙarfen ya kuɓuce, ta gangaro har ƙasa, suka sake daga farko. To ga abin da masu gyara suka sani: motar da aka yi wahalar yashi da ita a fim ɗin an sauya mata ƙarfen ƙasa da na wata motar soja ƙirar Kanada mai ja da taya huɗu. Katy ta gaskiya da tayoyin baya kaɗai take ja. Kun ga ke nan direbobin hamada na ainihi sun sha wuyar da ta fi ta fim.

Ni dai ga inda zuciyata take. Ba na ƙin fenti mai sheƙi, amma in na ji an gyara Katy, tambayata ita ce, an buɗe ƙofofin baya? Gadaje biyu na sama suna da hannun da ake murɗawa, ya sauko da su a ɗora majiyyaci, a sake ɗaga shi. Shin wannan hannun yana aiki? An bar yara sun hau matakala sun ga ƙuncin wurin, sun ga tazarar da ke tsakanin fuskar na kwance da rufi? Kuma mai ita ya koyi sa giya ba tare da ta girgiza ba, yadda 'yan matan ATS suka koya? In ba a yi waɗannan ba, gyara bai kammala ba, komai kyan fenti. Kuma katakon asali da zai iya tsayawa, a bar shi, ko da tabo a jikinsa. Mutane sun jingina da shi suna jin zafi.

Ina wannan magana ina tuna kakanninmu 'yan Bama, sojojin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A kwarin Kaladan na ƙasar Bama akwai wuraren da ba hanyar mota sam. A can, kafaɗar ɗan'uwa ita ke ɗaukar mai rauni, har a kai shi filin da ƙaramin jirgi zai iya sauka.

Lokaci na hararmu, bari mu taɓo nunin a gurguje. An taɓa nuna Katy a gidan tarihin yaƙi na Duxford kusa da Cambridge. Masu tasu ta kansu kuma suna da ƙungiyoyi irin su Military Vehicle Trust, suna haɗuwa da bazara a filaye, kamar taron War and Peace da aka daɗe ana yi a Kent kafin a daina shi. Wasu kan sa motocinsu a jirgin ruwa su tsallaka Normandy ta Faransa a watan Yuni, don tunawa da saukar sojojin ƙawance ta ranar 6 ga Yuni 1944. A watan Agustan 1995 ma Katy ta bi jerin gwano a titin Mall na Landan, a bikin cika shekara hamsin da ƙarewar yaƙin.

Abu na ƙarshe, jar alamar gicciyen nan da ke jikinta. Ba ado ba ce. Yarjejeniyar Geneva ce ke kare ta tun 1864, ita da jinjirin wata da aka amince da shi a 1929, kuma a Birtaniya dokar 1957 ta hana kowa amfani da ita ba da izinin hukuma ba. Mai tsohuwar mota ma dokar ta hau kansa, shi ya sa za ka ga wasu sun rufe alamar a kan hanya, sai sun shiga filin nuni su yaye.

Nan za mu dasa aya.