Kiwon kifi a kwami: sabon ruwa sai ya nuna

Kiwon kifi a gida yana ƙaruwa. Mutum ya gina kwamin siminti, ya cika shi da ruwa, ran nan ya sayo ƴaƴan tarwaɗa ko karfasa ya zuba. Kafin sati biyu kifin sun daina cin abinci, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wasu su ce baki ne. Wasu su zargi wanda ya sayar da kifin. Sau da yawa laifin na ruwan ne: bai nuna ba.

Kifi yana fid da ƙazanta cikin ruwan da yake zaune. Ragowar abinci ma tana ruɓewa a ƙasa. Daga nan guba ke fitowa, sunanta amoniyak. Ita ce mai warin nan da ke tashi a turken dabbobi, inda fitsari ya kwana. A babban tabki kamar na Madarunfa ko na Tabalak ba ta taruwa, don ruwa na da yawa. A kwami kuwa ba ta da wurin zuwa.

To, akwai waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana, ido ba ya ganin su. Ba na cuta ba ne, masu amfani ne. Kashi na farko suna cin amoniyak, su mai da ita nitirit. Nitirit ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su ci nitirit, su mai da ita nitarat. Ita wannan ba ta da haɗari sai ta yi yawa, kuma taki ce ga shuka. Ƙwayoyin nan a jikin tsakuwa da bangon kwami suke zama. Sabon kwami ba shi da su. Kafin su hayayyafa su isa aiki, ana yin sati 4 zuwa 6.

Ba masu tarwaɗa kaɗai ke wannan jira ba. A Turai da Japan ana kiwon wani jan jatan lande cikin akwatin gilashi, don kallo kawai. Asalinsa daga Taiwan ne, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Guba kaɗan ke kashe shi. Shi ya sa masu shi sukan bar akwatin da ruwa da tsakuwa da ciyawa wata guda ko fiye, babu ko ɗaya a ciki, suna auna ruwan. In an yi wa abin kallo wannan haƙuri, balle abincin iyali.

Mai sabon kwami ya fara da siminti, don yana da kaifi. A cika ruwa, a bar shi sati guda, a zubar, a sake yi. Daga nan a shimfiɗa tsakuwa wankakkiya, a zuba ruwan kiwo. In na famfo ne, a bar shi ya kwana biyu, saboda maganin kulor da ke ciki yana kashe ƙwayoyin. Kowace rana a jefa abincin kifi ɗan kaɗan, ko da yake babu kifi. Ruɓewarsa ce abincin ƙwayoyin. In maƙwabci na da tsohon kwami mai lafiyayyen kifi, a roƙi tsakuwa ƙwarya guda, a kawo ta da jiƙonta. Kamar yadda ake sa tsohon nono a cikin madara ne, aikin zai yi sauri.

Bayan wata guda a zuba kifi kaɗan, a duba su sati guda kafin a ƙara. Kowane sati a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a kai garka a ba tumatir da salati, a cika da sabo. Kada a wanke tsakuwa da sabulu. Bokitin da ya taɓa maganin ƙwari kuwa, kada ya kusanci kwami.