Daga Dusar Ƙanƙarar Turai Zuwa Ramukan Ƙasa a Bichi: Yadda Zaftarewa Ke Binne Mutane

A tsaunukan Turai, lokacin da sanyi ya fara ja da baya lokaci ne na fargaba. Dusar ƙanƙara hawa-hawa take taruwa, wani hawan da tauri, wani gari-gari. Da rana ta fara zafi sai ruwan narkewa ya ratsa ya jiƙa na ƙasa, na sama ya rasa madogara, ya zaftaro gaba ɗaya.

Kano ba ta san irin wannan ƙanƙara ba, amma ramukan haƙar ƙasar gini a ƙauyukan arewacin jihar haka suke kisa. Saman ramin busasshe ne mai tauri, gindinsa kuwa da laushi, don haka masu haƙa kan yi ta cin gindin har bangon ya zama rumfa a kansu. Ruwan farkon damina, ko nauyin tifa a bakin rami, ya isa ya kammala aikin. A 2022 mutum 5 suka rasu a ƙauyen 'Yanlami na Ƙaramar Hukumar Bichi, suna haƙar ƙasa don taya abokinsu ginin ɗakin aure.

Masu hawa tsaunuka suna rataya wata na'ura mai girman wayar hannu a ƙirji. Tana aika sigina a zangon kilohaz 457. Idan ɗaya ya binnu, sauran sai su juya nasu zuwa nema, allon ya nuna musu kibiya da tazarar mita. Dalilin ƙera ta shi ne lokaci: yawancin waɗanda aka tono cikin minti 15 suna rayuwa, bayan nan dama na raguwa da sauri.

A ramin ƙasa lamarin ya fi muni, domin ƙasa mai tsawo, faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya ta haura tan ɗaya, tana danne ƙirji ko da kai na waje. Na'urar ba za ta yi wani amfani a nan ba, tunda an san inda mutum yake. Abin ɗauka shi ne tsarinsu: ba a shiga wurin haɗari gaba ɗaya. Mutum ɗaya ya tsaya nesa da baki da shebur da waya mai caji, ya kira 112, ya tura wurin ta WhatsApp, tunda ramukan ba su da adireshi. Idan zurfi ya wuce mita ɗaya da rabi, a kwantar da bangon, a daina cin gindinsa.