Gansakuka cikin ruwan sanyaya injina: yadda ake hana ta ba tare da magani ba

 

Yau hirarmu a kan gansakuka take. Kowa ya san ta. Ita ce koren abin nan mai santsi da ke rufe bakin tabki bayan damina. Makiyayi yana ganinta cikin kwamin da yake shayar da dabbobi. Mai garka yana ganinta cikin ramin da yake tara ruwan ban ruwa.

Amma gansakuka ba ta tsaya ƙauye ba. Tana shiga har cikin manyan masana'antu. Can tana jawo hasarar kuɗi, wani lokaci ma har da hasarar rai. Za mu ga yadda take shiga, da yadda ake hana ta ba tare da an zuba magani cikin ruwa ba.

Mi ne ne hasumiyar sanyaya ruwa?

Duk injin da ke aiki yana yin zafi. Mai mota ya san haka, mai injin niƙa ma ya sani. Idan zafi ya yi yawa, inji ya tsaya ko ya lalace. A ƙasarmu akwai manyan wuraren aiki, kamar izin siminti na Malbaza, da tashar Anu-Araren mai ƙona gawayin ƙasa don ba da wutar kuran tun 1981, da matatar mai ta Damagaram da aka buɗe cikin 2011. A kowane izin na duniya irin waɗannan, fitar da zafi babban aiki ne.

Hanyoyin fitar da zafi suna da yawa. Wasu masana'antu da iska kaɗai suke sanyaya injina. Wasu kuwa da ruwa. Ruwa yana bi cikin tiyo, ya kewaya inji, ya ɗauko zafi. To, shi ruwan da ya yi zafi fa? Ba a zubar da shi, don ruwa yana da tsada. Sai a kai shi wani gini mai tsawo, a sanyaya shi, a maido shi. Wannan gini shi ake kira hasumiyar sanyaya ruwa.

Aikinta irin na randa ne. Randar ƙasa tana tsatsar da ruwa kaɗan-kaɗan. Iska tana busar da wanda ya tsatso, shi kuma yana tafiya da zafi. Shi ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi.

Cikin hasumiya, famfo yana hau da ruwan zafi sama. Ruwan yana zubowa kamar yayyafi. Babbar fanka tana jawo iska ta ratsa shi. Kaɗan daga cikin ruwan yana tashi ya bi iska, saura kuma ya sauko da sanyinsa cikin wani babban kwami da ke ƙasa. Ga lissafi: idan litir 1 ya tashi daga cikin litir 100, sauran litir 99 za su yi sanyi da kusan digiri 6.

Don mi gansakuka take son wurin?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka nan ba ya yin kore banza. Gansakuka tana rayuwa kamar tsiro, ko da yake ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Abu uku take nema.

Na ɗaya, hasken rana. Da shi take haɗa abincinta, kamar yadda hatsi yake yi a gona.

Na biyu, taki. Takinta shi ne ƙura, da kashin tsuntsaye, da ganyen itace, da duk wani datti da ya faɗa ruwa. Hasumiya tana shaƙar iska dare da rana, kuma duk ƙurar da ke cikin iskar tana ƙarewa cikin ruwa. A ƙasa irin tamu, lokacin hunturu da buji, ƙurar ba kaɗan ba ce.

Na uku, ruwa mai ɗumi wanda ba ya motsi sosai.

Hasumiyar da ba a kula da ita tana da duka ukun.

Ɓarnar da take yi

Gansakuka tana toshe ƙananan ramukan da ruwa ke zubowa ta cikinsu. Idan ta mutu, tana gangarawa ta toshe rariya da tiyo. Ruwa ya ragu, inji ya yi zafi, famfo ya ƙara shan wuta.

Matacciyar gansakuka kuma abinci ce ga ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna taruwa su yi wani yauƙi jikin ƙarfe. Yauƙin nan kamar bargo yake: yana hana zafi fita. Ƙarƙashinsa kuma tsatsa tana cin ƙarfe har ya huje.

Babbar ɓarna ita ce ta lafiya. Cikin yauƙin nan wata ƙwayar cuta take ɓuya, sunanta lejiyonela. Ta fi yaɗuwa cikin ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 45, wato daidai ɗumin ruwan hasumiya. Fanka tana fitar da ita waje cikin ƙananan ɗigon ruwa. Wanda ya shaƙa yana iya kamuwa da ciwon huhu mai tsanani: zazzaɓi, tari, da wuyar numfashi. Ta fi kama tsofaffi da masu shan taba.

An fara gane wannan cuta cikin 1976, a birnin Filadalfiya na ƙasar Amurka, wurin wani taron tsofaffin sojoji. Mutum 182 suka kamu, 29 suka rasu. A garin Harnes, arewacin Faransa, daga ƙarshen 2003 zuwa farkon 2004, mutum 86 suka kamu, 18 suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar daga hasumiyar wani izin cutar ta fito. Iska ta kai ta har wurin mutanen da ke nesa da izin ɗin da kilometir 6 ko fiye. Ke nan maganar ba ta ma'aikata kaɗai ba ce, har da maƙwabta.

Mu lura: gansakuka ba ita ce cutar ba. Ita dai tana ciyar da masu ba cutar masauki.

Don mi ake neman rage magani?

Yawancin masana'antu suna zuba magani cikin ruwa, kamar kulor, wanda ke cikin ruwan jabel. Magani yana aiki. Amma kuɗi ake sa wa a saye shi, sau da yawa daga ƙasar waje. Idan ya yi yawa yana cin ƙarfe. Yana iya ƙona hannu da idon ma'aikaci. Ruwan da aka zubar da magani cikinsa kuma yana iya kashe kifi, ya ɓata shuka.

Shi ya sa masana suka ce a fara da rigakafi. Tun da abu uku gansakuka take nema, sai a hana ta abu ukun nan. Ga hanyoyi biyar.

Hanya ta ɗaya: a tare rana

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ta fi ƙarfi. Gansakuka ba ta girma cikin duhu. Dubi randar da ke cikin ɗaki da faifai bisa bakinta: ba ta yin kore. Dubi kwamin da ke fili: kwana kaɗan ya yi kore.

Saboda haka ana rufe kwamin da ke saman hasumiya da murfi wanda haske ba ya ratsawa. Gefen da iska ke shiga kuma ana jera alluna a karkace. Iska ta wuce, rana ba ta kai ga ruwa ba. A yi hattara kada a toshe iska, don in babu iska babu sanyi. Allon da ya karye a sake shi da wuri. Inda rana ta leƙa, nan kore yake farawa.

Hanya ta biyu: a hana ta taki

Ana sa raga don tsuntsaye da ganye kada su shiga. Ana share kewayen hasumiya. Ba a tara shara ko buhunan takin zamani kusa da ita.

Ƙurar da ta riga ta shiga kuwa, tacewa ake yi. Ba dukan ruwan ake tacewa lokaci guda ba. Ana ware kamar litir 5 zuwa 10 cikin kowane litir 100, a bi da shi cikin wata tukunyar ƙarfe cike da rairayi. Rairayi ya riƙe datti, ruwa ya koma da tsabtarsa. Da yake ruwan kewayawa yake yi, sannu a hankali duka zai bi ta matacin. Shi ma matacin ana wanke shi a kai a kai, ta hanyar turo ruwa daga ƙasa zuwa sama.

Hanya ta uku: kada ruwa ya kwanta

A duba ko akwai lungun da ruwa ke tsayawa, ko tsohon tiyo da aka daina aiki da shi amma ruwa na ciki. Irin wannan tiyo a cire shi. Idan izin zai tsaya kwanaki da yawa, a zubar da ruwan hasumiya, a wanke ta kafin a tayar da ita.

Akwai kuma sabunta ruwa. Ruwan da ke tashi ya bi iska ba ya tafiya da gishiri ko datti, nan yake barin su. Idan litir 100 ya koma litir 50, gishirin da ke cikin kowane litir ya ninka biyu. Mun san farin ɓawon da ke kama cikin butar shayi: haka yake kama tiyo. Don haka kullum ana sakin kaɗan daga tsohon ruwa, a ƙara sabo. Ma'aikaci yana auna ruwan da na'ura don ya san yawan da zai saki. In ya saki kaɗan, datti ya taru. In ya saki da yawa, ya yi ɓarnar ruwa.

Hanya ta huɗu: wanki da hannu

Babu na'urar da ta maye gurbin buroshi. Aƙalla sau 2 a shekara a tsai da hasumiya, a kwashe laka, a goge bango da alluna. Kowane mako kuma wani ya leƙa ya duba: akwai kore? akwai santsi? akwai wari? Ya rubuta abin da ya gani cikin littafi, tare da kwanan wata.

Mai wanki ya kiyaye kansa. A kashe fanka tukuna. Ya rufe hanci da baki da abin kariya na ƙwarai, ya sa safar hannu da takalmin roba. Fesa ruwa da ƙarfi yana tayar da ɗigon da ke ɗauke da cuta. Wanda ya ji zazzaɓi da tari cikin kwana 10 bayan wanki, ya tafi gidan likita, ya faɗi aikin da ya yi. Cutar tana da magani idan an je da wuri.

Hanya ta biyar: fitila mai kashe ƙwayoyi

Akwai wata fitila mai wani irin haske da ake kira ultrabiyole. Ana sa ta cikin tiyo, ruwa yana wucewa gabanta, hasken yana kashe ƙwayoyin da ke cikinsa. Ba ta barin komi cikin ruwa. Amma tana son ruwa garau, shi ya sa ake sa ta bayan matacin rairayi. Kuma abin da ya wuce gabanta kaɗai take kashewa. Yauƙin da ya manne can jikin bango, haskenta ba ya kai masa. Kada kowa ya kalli wannan fitila tana kunne, tana ɓata ido.

Iyakar waɗannan hanyoyi

Ƴan kasuwa suna sayar da wasu na'urori, masu maganaɗisu ko masu girgiza ruwa, suna cewa da su an huta da magani. Cikin 2010, masana na jami'ar Pittsburgh a Amurka sun ba da sakamakon gwajin da suka yi wa iri 5 na waɗannan na'urori. Babu ko ɗaya da ta rage ƙwayoyin yadda ya kamata. Mai izin ya nemi shaida kafin ya ba da kuɗinsa.

Inuwa da tacewa da wanki suna hana gansakuka. Amma ruwa yana iya zama garau, cuta kuwa tana ciki. Ido ba ya ganin lejiyonela. Dole a riƙa kai ruwan wurin awo. Idan awo ya nuna ƙwayar cuta, magani ya zama tilas, don rai ya fi kuɗi. Amfanin rigakafi shi ne: hasumiya mai tsabta magani kaɗan ya ishe ta.

Mu gwada da kanmu

A samu kwalba biyu masu haske. A cika su da ruwan tabki. A ajiye su wuri ɗaya cikin rana, amma a rufe ɗaya da tukunya. Bayan mako biyu a duba. A rubuta abin da aka gani.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne abu uku gansakuka take nema?
2. Don mi ake sakin kaɗan daga tsohon ruwa?
3. Yaya mai wanke hasumiya zai kiyaye kansa?
4. Cikin hanyoyin nan biyar, wace za ta yi amfani ga kwamin dabbobi ko tankin ruwan garinku?

Jama'a, nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.