Gobarar Hunturu: Wa Zai Biya Ɗan Kasuwa?

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hankalin 'yan'uwanmu masu fatauci a Anacha, Inugu da Fatakwal ba ya kwanciya. Ciyawa ta bushe, katako ya bushe, ƙyastu ɗaya ya isa.

Galibin wutar daji mutum ne ke kunna ta: maharbi mai neman gafiya, manomi mai sassabe, makiyayi mai son sabon tsiro, ko matafiyi da ya yar da guntun taba. Iska ta kwashe ta zuwa rumbuna da gidajen bayan gari. A cikin gari kuwa, wayoyin lantarki na haɗin gambiza da man fetur da ake ɓoyewa a shago su ne masomin abin. Ga rumfuna a cunkushe, kamar yadda ake gani a Kasuwar Relief, har motar 'yan kwana-kwana ta rasa hanya.

Ba a manta da Kasuwar Mile One ta Fatakwal ba, wadda ta ƙone a Disamban 2013, ko ta Sabon Garin Kano a Maris na 2016. A Oktoban 2019 kuma tankar mai ta faɗi a Anacha, wutar ta bi magudanar ruwa har Kasuwar Ochanja.

To, bayan toka ta huce, wa zai biya? Yawancin fatakenmu ba su da inshora. Jarin mutum duka yana shago, iyali kuma suna Arewa suna jiran aike. Abin da ke biyo baya shi ne jaje da gudummawa, wadda ba ta mayar da jari.

Wasu na ƙyamar inshora saboda shubuhar riba. Amma tun 2013 hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, tsarin taimakon juna bisa shari'a. Sai dai kamfani ma yana gudun wurin da haɗari ya yawaita. A Amurka, kamfanin State Farm ya daina karɓar sababbin gidaje a Kalifoniya a 2023, kuma wutar daji na cikin dalilansa.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su fara da gyaran wayoyi da buɗe layuka, sa'an nan su nema wa jama'arsu takaful a ƙungiyance. Rigakafi dai ya fi magani.